Matar da Malama Haulatu Ta Bari a Sama

Ni ce malamar Hausa a makarantarmu, don haka in dai maganar iya labari ce, ni ya kamata a sani. Amma je ka Rijiyar Gawo, garinmu da ke kan hanyar Baure zuwa Babban Mutum, ka tambayi kowace mace wa ya iya labari a ƙaramar sakandaren garin. Ba wadda za ta ce ni, Malama Asma'u. Malama Haulatu za su ce maka, malamar kimiyya, wadda ko karin magana ɗaya ba ta taɓa kawowa daidai ba. Abin yana ci mini rai har yau, kuma ga shi ni ce na zauna ina rubuta tarihinta, don in na bar wa wani zai ɓata shi.

Haulatu 'yar cikin garin Daura ce. Mahaifinta mai gyaran rediyo ne a bakin kasuwa, ita ce kuma take kai masa abincin rana tun tana firamare. Ta ce in ta ajiye kwano ba ta tafiya, sai ta raɓe a bakin shago tana jin rediyoyin da yake gwadawa, wannan na Hausa, wancan na Larabci, wani kuma sai ƙugi kawai. A nan ta fara jin cewa akwai matan da suka je sararin samaniya suka dawo. Ta tambayi uban ko gaskiya ne, ya ce shi dai gyara yake yi, ba shi ke zuba maganar a ciki ba, ta je ta tambayi malamanta. Malaman ma ba su ƙosar da ita ba, sai ta ci gaba da tambaya har ta gama kwalejin ilimi. Ta auri Sama'ila, malamin gona, aka turo shi yankinmu, ita ma ta nemi a maido ta makarantarmu.

Ranar da ta fara zuwa na ɗauka ɗaliba ce ta makara. Gajera ce ainun, hannunta ba ya wuce rabin allo, sai da ta sa aka samo mata bulo tana takawa. Duk ajin da za ta shiga, monita ne ke ɗaukar bulon ya yi gaba, tana biye da alli a hannu. Murya kuwa Allah ya ba ta. In tana aji uku, mu da ke aji ɗaya sai mun rufe taga.

Makarantarmu ta jeka-ka-dawo ce, maza da mata. Da sassafe yara su yi shara, a buga tsohon wilin mota da ke rataye a jikin darbejiya, a yi layi, a yi addu'a da taken ƙasa, a duba farce. Wanda ya makara ya tsinci leda. In an fita tara masu awara da ɗan wake su cika bakin ƙofa. Haka muke kullum, ban da Laraba. Laraba ce kasuwar garinmu, kuma ran Laraba ba mu da 'yan mata. Iyayensu mata ba sa fita, sana'arsu a cikin gida take, 'ya'yan ne ƙafarsu. Duk mai man gyaɗa, mai fura, mai daddawa, ranar take jira, kuma ba za ta bar kayanta su kwana don wani abu wai shi boko ba.

Mu tsofaffin malamai mun san haka, kowa ya daɗe da janye darasinsa mai nauyi daga Laraba. Da Haulatu ta zo, baƙuwa, sai ta tarar an ajiye mata darasin kimiyya na aji uku, mai tsawon nan na awa biyu, ran Laraba da safe. Ta je wurin shugaban makaranta, Malam Nu'uman, ya buɗe hannu ya ce duk wanda ya yarda ya yi musaya da ita shi ba ruwansa. Ba wanda ya yarda, har da ni, don ban ga dalilin da zan karanta wa kujeru waƙa ba. Ta bi gida gida tana roƙon iyaye mata. Suka karɓe ta hannu bibbiyu, suka sa mata albarka, suka cika mata jaka da ƙuli-ƙuli, Laraba ta zagayo aji ya kasance yadda yake.

Duk cikin yaran nan, Fadila ce ta tsaya mata a rai. Yarinya ce mai shiru, amma in ta ɗaga hannu to amsar tana nan. Uwarta, Zubaida, ita ce ta fi kowa iya man gyaɗa a garin, uban kuma, Mainasara, fataucin shanu yake yi, ya fi zama a ƙetaren iyaka fiye da gida. Man Zubaida ke riƙe da tukunyar gidan, Fadila ke riƙe da man Zubaida. Shekarar ce ta jarrabawar fita aji uku, Malam Nu'uman kuma ya faɗa a gaban layi cewa duk wanda fashinsa ya yi yawa ba zai tura sunansa ba, ko ɗan wane ne. Ba mugu ba ne, ya gaji ne da tura yara su faɗi a zo a yi masa faɗa daga sama. Kowa ya san in Fadila ba ta zauna jarrabawar nan ba, karatunta ya ƙare ke nan.

Haulatu tana da wani ɗan guntun darasi da aji ukun ran Talata, na ƙarshe kafin a tashi, lokacin da rana ta dafa kwano yara na gyangyaɗi. Wata Talata tana bayanin duniyoyin da ke zagaya rana, ta ga ba mai jin ta, sai ta ajiye alli. Ta ce musu a shekarar 1963 akwai wata yarinya a ƙasar Rasha, 'yar talakawa, marainiya, mai aiki a masaƙa, wadda ba ta da wasan da ya wuce dirowa daga jirgin sama da laima. Aka zaɓe ta a asirce, ta ce wa uwarta gasar dirowa za ta, aka saka ta a kumbo ita kaɗai aka harba. Tana can tana zagaya duniya sai ta lura an saita na'urar ba daidai ba, maimakon ta sauko da ita, ƙara sama za ta yi da ita. Daidai nan aka buga wili.

“Sai gobe da safe,” in ji Haulatu, ta sauko daga bulonta.

“Malama, gobe Laraba!”

“Na sani.”

Ta sha rantse mini cewa ranar ba da gangan ta yi ba, wilin ne ya katse ta. Ni dai na san ta, ban yarda ba.

Washegari 'yan mata kaɗan suka ƙaru. Ana tsakiyar darasi sai ga Fadila a bakin taga, ba kayan makaranta, tire a ka, kwalaben mai na ƙara. Ta ce, “Malama, Inna ta ce a tambaye ki, wai baiwar Allahn nan ta sauko kuwa? Ta ce jiya da ita ta kwana a rai.”

Haulatu ko juyowa ba ta yi ba. “Ki ce ma Inna ina gaishe ta, amma ba na ba da labari ta taga.”

Na ce mata ta yi rashin kunya, an aiko ki daga gidan mutane kin kori ɗan aike. Ta ce in jira. Yaran da suka shigo ta gaya musu yadda aka gyara na'urar, yadda yarinyar ta diro da laima kusa da wani ƙauye mutane suka kewaye ta, sannan ta ja kunnensu cewa labari na wanda ya zauna ya ji ne. Yara kuwa sun sami abin yanga, suka riƙe shi gam, sai da aka yi ta lallashinsu a gidaje. Laraba ta gaba Fadila ta zo da kayan makaranta, ta ce Inna ta ce ta yi darasin farko sannan ta wuce kasuwa.

Daga nan abin ya zama tsari. Ran Talata Haulatu ta ɗauki mace ta kai ta sama ta bar ta a can, ran Laraba ta sauko da ita. Kuma ba ta saukowa da ita sai a ƙarshen darasi, bayan an yi aikin allo an gama. Ba a kyauta take ba da ƙarshen labarin ba. Kafin ta faɗi yadda aka ƙare sai wata ta tashi ta yi bayanin abin da ke hana kumbo faɗowa. Don wannan ta fito da su fili, ta ɗaura igiya a guga ta cika shi da ruwa tana wulwulawa a kan kanta, 'yar mitsitsiyar mace, yara na ihu, ruwan bai zubo ba sai da ta tsaya, ya jiƙe mata hijabi. A makon nan ba gidan da ba a wulwula guga ba a Rijiyar Gawo, an kuma fasa tulu biyu da na sani.

Iyaye mata suka shiga aiko da tambaya. In babu sama babu ƙasa, yaya ruwa yake zama a moɗa? Ina suke kewayawa? Wa ke riƙe musu 'ya'ya? In Musulma ce ta je, ina za ta fuskanta ta yi salla? Wannan ta ƙarshe Haulatu ta ce ba fanninta ba ne, ta tura su wurin malamin addini, shi ma sai da ya kwana biyu yana bincike. Zubaida kuwa hukunci take aikowa da shi. A kan 'yar masaƙar nan ta ce yarinya ta yi jarumta amma ba ta da tarbiyya, ina ita ina yi wa uwa ƙarya. A kan wadda ta fita wajen kumbo ta yi walda a sarari ta ce wannan ko a gidan maƙera aka haife ta sai haka. Da aka zo kan baƙar mace ta farko da ta je sama, likitar nan da ta taɓa aiki a Saliyo, Haulatu ta ba da aron wayarta hoton ya zaga gidaje, wata tsohuwa ta rantse kamarsu ɗaya da jikarta da ke aure a Zango.

Ba zan ce kasuwa ta mutu ba. Mata dai sun yi dabara, wasu su ba dillaliya kayan safe, wasu su haɗa na gida uku a kan yarinya ɗaya bi da bi, sauran su tafi bayan tara. Fadila ta jera Laraba da yawa ba ta yi fashi ba. Malam Nu'uman ya ce in ta ɗore har ƙarshen zango zai duba lamarinta, amma ko sau ɗaya ta sake ɓacewa kada Haulatu ta zo masa da kuka.

Saura mako guda ya tura sunaye Fadila ta kawo saƙo. Inna ta ce duk an ji na likita da na matuƙa, su malaman makaranta irin Malama fa, ba a taɓa zaɓar ko ɗaya ba?

Haulatu ta shigo ofishin malamai ta zauna kusa da ni. Da na tambaye ta abin da ke damunta sai ta gaya mini. An taɓa zaɓar malamar makaranta a Amurka, a 1986, daga cikin dubban malamai, don ta koyar da yara daga can sama. Kumbon ya tashi, bai fi minti ɗaya da 'yan daƙiƙu ba ya tarwatse, mutum bakwai da ke ciki ba wanda ya rayu, 'yan makaranta na kallo a talabijin. Ta ce da gangan ta tsallake wannan tun farko.

Na ce, “To ki ci gaba da tsallakewa. Ki ce ba a taɓa yi ba, wa zai bincika a garin nan? Kin san matan nan. Ki ce musu malama ta bi boko har sama ta ƙone, gobe su ce ga irinta nan, kowa ta riƙe 'yarta. Ki bari a tura sunan yarinyar nan tukuna.”

Har yau ban ga laifin shawarata ba, duk mai hankali ita zai bayar. Malam Nu'uman ma da ya ji, cewa ya yi ba kowace gaskiya ake faɗa ran kasuwa ba. Haulatu ta daɗe tana murza alli a yatsa, sannan ta ce, “Yaya Asma'u, na ce musu duniya ce ke zagaya rana, idonsu na nuna musu akasin haka, suka yarda don ni na faɗa. In na yi musu ƙarya a wannan, da wane baki zan koma aji?”

Ran Talata ta faɗa musu duka, daga zaɓe har tarwatsewa. Ba ta bar komai sai gobe ba, ta ce ba a raba mutuwa biyu. Ina tsaye a baranda ina ji. Wasu yaran suka yi kuka. Fadila ta tambaya ko matar tana da 'ya'ya, aka ce mata biyu, ta ɗauki jakarta ta fita.

Laraba da safe aka buga wili, layin mata ba kowa. Ba aji uku kaɗai ba, har 'yan aji ɗaya, har waɗanda iyayensu ba sa talla. Haulatu ta shiga ta koyar da maza, muryar nan tata da ke hana mu sakat ranar ko baranda ba ta kai ba. Da ta fito shan ruwa na ce mata ai na faɗa miki, don ni ba na iya haɗiye magana. Ta ce, “Kin faɗa.” Malam Nu'uman ya wuce mu ya shiga ofis. Tausayinta ya kama ni, haushinta ma ya kama ni, na rasa wanda ya fi.

Hantsi ya ɗaga sai muka ji ajujuwa sun yi tsit, yara maza sun cika tagogi. Na leƙa. Mata ne ke shigowa ta ƙofar makaranta a jere, manya da hijabai har ƙasa, wasu da goyo, 'ya'yansu mata na biye da kayan makaranta, ɗauke da tabarmi da kwanuka. Matan da tun da aka gina makarantar nan ba wadda ta taɓa taka ta, ga su ran kasuwa. Wata doguwa ce a gaba, Fadila na bayanta, na gane ita ce Zubaida. Suka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya suka zauna.

Malam Nu'uman ya fito da hula a karkace. “Lafiya, bayin Allah?”

“Lafiya lau, Malam,” in ji Zubaida. “Gaisuwa muka zo yi ma Malama.”

“Inna lillahi! Wa ya rasu?”

“Abokiyar aikinta.”

Aka kira Haulatu. Ta tsaya tana kallonsu, ta ce, “Inna, ai abin ya kusa shekara arba'in. Ba a ma haife ni ba. Ban san ta ba, ba ƙasarmu ɗaya ba.”

“Mu jiya muka ji,” in ji Zubaida. “Kuma yarinya ta ce da kina faɗa muryarki rawa take. Wanda ba naka ba ai ba ya sa murya rawa. Zauna, Malama.”

Ta zauna, ni ma na zauna kusa da ita, don ba a barin mai karɓar gaisuwa ita kaɗai. Suka riƙa matsowa ɗaya bayan ɗaya. Ya haƙuri, Malama? Ya ƙarin haƙuri? Sai da na zungure ta sannan ta fara amsawa da godiya. Na ƙosa in ji addu'ar da za su yi, tun da matar ba Musulma ba ce, sai tsohuwar nan mai jika a Zango ta ɗaga hannu ta ce Allah ya raya abin da ta bari, ya ba ɗalibanta haƙuri, kowa ya shafa. Na tambayi ta kusa da ni a hankali yadda aka yi mazansu suka bar su. Ta dube ni ta ce, “Wane namiji ne zai hana matarsa zuwa gaisuwar mutuwa?” Aka buɗe kwanuka, kunu ne da ƙuli-ƙuli.

Na yi shekaru ina koyarwa, an ba ni takardun yabo, ban taɓa jin alfahari da aikin nan kamar yadda na ji a kan tabarmar nan ba. Na yi alfahari da garinmu, na kuma yi alfahari da 'yar gajerar nan mai taurin kai da ta ƙi jin maganata.

Da aka lafa Zubaida ta gyara zama. “Malama, tambaya ɗaya gare ni, kuma yau ba aike, ga ni ga ki. Bayan ita, an daina tura mata?”

“Ba a daina ba, Inna. Akwai wata malamar da aka ajiye a madadinta ko da wani abu zai hana ta tafiya. Tana tsaye a wurin, a kan idonta abin ya faru. Ta koma ajinta ta ci gaba da koyarwa. Bayan shekara ashirin da ɗaya ta shiga kumbo ta je ta dawo lafiya.”

“Ta gani da idonta, kuma ta hau?”

“Ta hau.”

Zubaida ta jinjina kai, ta juya ta dubi matan. “To me ya raba mu da su? Yayata a gabana ta rasu a kan gwiwa, ina riƙe da hannunta, ina da cikin Fadila wata bakwai. Wa ya fasa haihuwa a cikinku?”

Wata ta ja bakin hijabi ta share ido.

Zubaida ta waiwaya ta ga 'yarta tsaye a bayanta. “Ke kuma tsayuwar me kike? Wuce aji.” Sannan ta ɗaga murya yadda na bakin ofis zai ji. “Malam, a sa sunanta. Man gyaɗa ba ya lalacewa kafin azahar.”